Ki Sha Kawai, Mama

A layinmu babu uwar da ake sha'awar 'ya'yanta kamar Mama Mai Keke. Duk matar da ta kawo ɗinki ta tarar da mota a ƙofar gida, ko ta hangi ledar shagon magani a kan tebur, sai ka ji ta ce, "Allah ya ba mu 'ya'ya irin naki, Mama." Ita kuma sai ta amsa da amin, allura a leɓe, ƙafarta na kan keken ɗinki ba ta tsaya ba. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata. Yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuma bangon ne ya ba ni.

'Ya'yan su uku ne. Yaya Babba shi ke zaune da ita, shi da matarsa. Ma'aikacin ofis ne, irin mutanen da ba sa hira sai dai su yanke hukunci. Sai ta tsakiya, wadda muke kira Anti Likita, ba don ta taɓa karanta likitanci ba, sai don ta taɓa zaman rubuta sunayen marasa lafiya a ƙofar wani asibiti. Tun daga lokacin babu ciwon da ya gagare ta, balle da ta sayi babbar waya. Auta kuwa yana wani gari mai nisa, ƙaunarsa a kwali take zuwa.

Ciwon kai ne ya dami Mama, Yaya Babba ya kai ta asibiti. Aka ɗaura mata abin awo a hannu, likita ya duba, ya gyara zama zai yi bayani, sai Yaya ya ce, "Mama, je ki zauna a benci ki sha iska, nan akwai zafi." Ta fita. Aka tattauna jikinta a bayan idonta, ita tana waje tana kallon ƙofa. Da suka dawo na tambaye ta me aka ce. Ta ce, "Wai gajiya ce."

Hawan jini ne. Matar Yaya ce ta raɗa mini a bakin famfo, ta ce in rufa mata asiri, don maigidanta ya kafa doka kada wanda ya gaya wa Mama. In ta ji sunan ciwon, in ji shi, tunani kaɗai ya isa ya kwantar da ita. Aka buɗe guruf a waya, aka sa masa suna Lafiyar Mama. Kowa na ciki, har surukai. Mama ce kaɗai ba a sa ba.

Matsalar ita ce Mama ta iya karatu, kuma kwalin magani ba ya riƙe sirri. A nan Yaya ya nuna ba a banza ya yi makaranta ba. Ya ɗauko gwangwanin biskit ɗin da take ajiye maɓallai da zare, ya juye su a leda, ya ɓalle ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ya zuba a ciki. Kwalin da 'yar takardar bayanin da ke naɗe a ciki suka tafi kwandon shara. Kafin su tafi dai sai da ya ɗauki hoton kwalin ya tura guruf, domin 'yan'uwa su shaida babba ya yi abin da babba ke yi.

Ina ɗakin lokacin da ya fara miƙa mata farar ƙwayar. Ta juya ta a tafin hannu, ta ce, "Wannan na mene ne?"

"Na ƙarin ƙarfi ne."

"Yaya sunansa?"

"Mama, sunan nan ko ni da na yi makaranta sai na ciji harshe. Ki sha kawai."

"Ni fa ko yadi ban taɓa sa wa almakashi ba sai na san na waye, na kuma auna mai shi."

Yaya ya yi dariya irin wadda ake yi wa yaro in ya faɗi abin ban sha'awa. "To ai ke ba yadi ba ce, Mama. Ga ruwa."

Ta sha. Kuma gaskiya farar ƙwayar ta karɓe ta. Ciwon kai ya tafi, keke ya ci gaba da ƙara tun hantsi. Da an tsaya a nan da ba ni da labari. Amma Anti Likita ta ga hoton nan, ta ga dangi suna ta zuba wa Yaya addu'a, abin ya tsaya mata a wuya. A ce an yi maganar asibiti a gidansu babu ita?

Ta zo da motarta ta ɗauki Mama zuwa asibitin kuɗi, mai sanyi da talabijin a bango. Ta hana ta shan komai da safen, wai za a yi gwaji. Ga hawan bene, ga fargaba, awo ya hau. Likitan ya tambaya ko tana shan wani magani. Mama ta buɗe baki za ta ce akwai wata fara, Anti ta taka mata ƙafa ta ce, "Ba ta shan komai, sai na ƙarin ƙarfi." Daga nan aka sake tura Mama waje ta sha iska.

Anti da bakinta ta yi mini bayani daga baya, har da alfahari. "Sirrin asibiti ne wannan, maƙwabciya. In kika ce wa likita an riga an ba da magani, lalaci zai yi ya ce a ci gaba da shi. Ki bar shi ya faro daga farko, ya ci kuɗinsa da guminsa."

Haka rawaya ta shiga gwangwani, kwalinta ya bi na farko zuwa shara, hotonsa ya tafi guruf. Ranar na ji muryoyi ta bango. Yaya yana cewa shi ne babba, nasa ba za a daina ba. Anti tana cewa nata na babban likita ne, ba irin wanda ake bin layi a karɓa ba. Aka yi ta ja, har aka kai ga tone-tonen wanda ya fi zuwa gaishe da Mama. Daga ƙarshe aka yi sulhu irin na 'yan'uwa masu hankali: a ba ta duka biyun, kada zumunci ya lalace.

Auta na ganin haka ya bugo waya, ya ce shi ba ɗa ba ne? Yana da aboki mai shagon magani, ya yi masa bayanin ciwon, abokin ya ba shi wanda ya fi kowanne. Kwali ya iso, ƙwaya mai ruwan hoda ta shiga gwangwani, hoton kwalinta shi ma ya tafi guruf. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ba a dai gaya mana abin da yake yi wa tsohuwa ba.

Ƙarar keken ce ta fara gaya mini. Da can ba ta yankewa sai lokacin salla. Yanzu sai ta tashi, ta tsaya, a daɗe shiru, ta sake tashi a kasale. Na leƙa na tarar da Mama ta dafe tebur, idonta a rufe.

"Jiri nake gani," in ji ta. "In na miƙe sai ɗakin ya juya. Tun da aka ƙara rawayar nan ne."

Ta faɗa wa Yaya haka da ya dawo daga ofis. Ya ce, "Shekaru ne, Mama. Ai ba za ki dawo yarinya ba." Ta faɗa wa Anti. Anti ta ce alama ce maganin yana faɗa da ciwo, ita ta sani, a asibiti ta zauna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a gidan nan an daina tambayar mai ɗaki.

Sai ƙafafu suka kumbura, takalminta ya daina shiga. Anti ta durƙusa ta danna da yatsa, ta girgiza kai kamar wadda ta sha ganin irin wannan, ta ce ruwa ne ya taru. Ta sayo maganin fitar da ruwa, wannan karon ko likita ba ta wahalar ba. Mama ta koma hanyar bayi kamar mai zuwa kasuwa, tana dafa bango. Barci ya ƙi mata, ƙarar ƙofar bayi kuma ta hana Yaya nasa barcin, shi da yake da ofis da safe. To uwa ta kasa barci, ɗan kirki zai zuba ido? Ya kawo wata 'yar shuɗiya. Aka fara da rabi, da aka ga tana aiki aka cika ta.

Daga nan Mama ta fara gyangyaɗi a kan keke da rana tsaka. Wata rana ta yanke hannun rigar wata mata, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Matar ba ta yi faɗa ba, ta naɗe yadinta ta ce ba komai, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan ba komai ɗin shi ya fi yi wa Mama ciwo. Bayan ta fita Mama ta riƙe almakashin tana kallonsa, hawaye na zuba. Ta ce, "Tun ina budurwa nake yanka, ban taɓa ɓata wa mutum yadi ba. Maƙwabciya, me suke ba ni?"

Da na ga hawayen nan raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ta ba ni ɗaya daga kowane launi, na kai wa mai shagon magani na bakin titi. Ya juya su, ya ce shi ba zai rantse a kan ƙwaya tsirara ba. "Ina kwalayensu? A kawo kwali. In babu, a kwashi gwangwanin gaba ɗaya da ita mai shan, a kai wa likita ɗaya ya duba." Na dawo na tari Yaya a ƙofar gida na faɗa masa haka, na ce kuma ya kamata a gaya mata ciwonta, jikinta ne.

Ya saurare ni har na gama, yana kaɗa makullin mota. "Mun gode, maƙwabciya. Amma uwarmu ce. Duk duniya babu wanda ya kai mu sonta." Ya shige ya rufe ƙofa. Washegari matarsa ta daina amsa gaisuwata da kyau, wai na kai asirin gidansu titi.

Mama ta gwada nata ƙoƙarin. Ta ce ba za ta ƙara haɗiyar komai ba sai an gaya mata sunansa. Ta rufe baki gam. Aka kai maganar guruf, aka yi shawara, aka gano cewa tsufa ne ya fara taɓa mata kai, don mai cikakken hankali ba ya ƙin magani. Wata safiya na shiga aron ashana na tarar da matar Yaya a kicin tana murƙushe ƙwayoyi da bayan cokali, fara da rawaya da mai ruwan hoda, tana kwashe garin zuwa kofin shayi.

Na ce, "Haba! Wannan fa?"

Ba ta ko ɗago ba. "Ni abin da aka ce in ba ta nake ba ta. In na rage a ce ba na son uwar miji." Ta ƙara sukari cokali biyu, don ita ma tana da tausayi.

Mama ta ce shayin kwanan nan yana ɗaci. Aka ce bakinta ne.

Ranar da abin ya faru, hantsi ne, ta gama shan shayi tana zaune gaban keke. Wata mai kawo ɗinki ta ƙwanƙwasa ƙofa. Mama, da ba ta saba barin baƙo a tsaye ba, ta miƙe da sauri. Na ji faɗuwar ta bango, kamar an yar da buhu. Da na shiga tana kwance tsakanin keke da ƙofa, ƙafa ɗaya a karkace, ko kuka ta kasa.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Ni da matar Yaya muka kai ta asibiti, Yaya da Anti suka same mu a can, kowa da fuskar wanda ya fi kowa damuwa. Likitar da ta karɓe mu ta auna jinin Mama, ta sake aunawa, ta ce ya yi ƙasa sosai. Ta tambaya, "Wane magani take sha?"

Yaya ya ce, "Akwai fara."

Anti ta ce, "Da rawaya. Ita ce mai kyan."

Matar Yaya ta ce, "Da mai ruwan hoda, da wata ƙarama, da shuɗiya in za ta kwanta."

Likitar ta ajiye biro. "Magani na tambaye ku, ba fenti ba. Sunayensu nake so."

Mutum uku masu ilimi, masu son uwarsu fiye da kowa a duniya, babu wanda ya iya kawo suna ɗaya. Can Anti ta tuna da guruf. Aka buɗe waya, aka yi ta ja sama, ana wuce addu'o'i da hotunan furanni, har aka tarar da kwalayen, kowanne da jerin yabonsa a ƙasa. Likitar ta duba na farko, ta duba na biyu, ta duba na uku. Ta nuna musu ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna a kowane kwali.

"Ku karanta nan. Fara da rawaya da mai ruwan hoda magani ɗaya ne, kamfanoni ne kawai suka bambanta. Ninki uku kuke ba ta. Shi ya kumbura mata ƙafa, kuka ƙara na fitar da ruwa, kuka ɗora na barci a kai. Abin mamakin shi ne da ba ta faɗi ba tuntuni."

Sai ta juya ga gadon. "Mama, kin san ciwon da ke damunki?"

Yaya ya matso da sauri. "Likita, gara mu yi maganar a waje, don ita…"

"Ba kai ne a kan gadon ba." Ta ja kujera ta zauna dab da kan Mama. Ta gaya mata hawan jini ne, ta gaya mata ƙwaya ɗaya tak take buƙata a rana, ta faɗi sunanta a hankali har Mama ta maimaita, kuma ba ta ciji harshe ba. Ta ce duk wanda ya kawo mata wani magani ta tambayi sunansa da aikinsa, ta ajiye shi a kwalinsa, ta nuna wa likita kafin ta sha.

Mama ta juyo da kai wajen 'ya'yanta. "Hawan jini? Shi ke nan? Rabin matan da nake yi wa ɗinki shi ke damunsu, a kan bencina suke zama suna hirar maganinsu. Wannan ne abin da kuka ɓoye mini?"

'Ya'yan suka sulale waje. A baranda suka samu bakin magana. Yaya ya ce laifin kamfanoni ne, ta yaya abu ɗaya zai yi suna uku? Anti ta ce ko ba komai an dai tabbatar nata daidai ne, da an bi shi shi kaɗai da ba a zo nan ba. Auta ya ce ta waya shi aikowa kawai ya yi, bai ce a haɗa ba. Matar Yaya ta ce ita abin da aka ce ta bayar ta bayar. Daga ƙarshe suka tsaya a kan cewa ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Tun da aka fara ciwon nan, ranar ce na ga sun haɗu a kan magana ɗaya.

An yi mata aiki. Jiri ya tafi, kumburi ya saɓe, hankalin da aka ce tsufa ya taɓa ya dawo garau. Ƙafar ce ba ta dawo ba. Aka sayo mata kujera mai taya, sabuwa fil, aka tura hotonta guruf. Keken ɗinki aka tura shi lungu, aka lulluɓe shi da zanen tebur, aka ɗora masa tukunyar fure. Bangona ya yi shiru, har yau ban saba ba.

Ɗinki ɗaya ta yi tun da ta dawo, shi ma da hannu. Ta sa na nemo mata ledar maɓallanta, ta ɗinka aljihu a gaban kowace rigarta, ta sa masa maɓalli. A ciki kwalin maganinta yake kwana, da takardarsa a naɗe. Ita take ɓallewa da kanta, ta karanta sunan, ta sha da ruwan da ta ga an zuba a gabanta. Shayi kuwa ta daina sha sai in ni na haɗa. Yaya yana kiran wannan rashin yarda, kuma ya ce abin yana yi masa ciwo, bayan duk ɗawainiyar da suka yi.

Rannan ina wajenta sai ga sabon kwali daga Auta, wai maganin ƙarfin ƙashi. Anti ta buɗe, ta jawo gwangwanin biskit, har ta sa babban yatsa za ta fara ɓallewa.

Mama ta ce, "Mayar da shi kwalinsa. Sai likitata ta gani."

Anti ta ajiye tana ƙunƙuni. "Tun da Mama ta faɗi halinta ya canza."

Ana cikin haka wata tsohuwar mai kawo ɗinki ta shigo dubiya. Ta wuce motoci biyu a ƙofar gida, ta ga kujera mai sheƙi, ta ga kwalin da ya zo daga nesa, ta ga Yaya a tsaye da Anti a durƙushe. Ta riƙe hannun Mama, idonta har ya ciko. Ta ce, "Kai, kin ji daɗi. Allah ya ba mu 'ya'ya irin naki, Mama."

Yaya ya ce amin. Anti ta ce amin. Matar Yaya ma ta amsa daga kicin. Baƙuwar ta tsaya tana jiran amin ɗin Mama.

Mama ta zare hannunta, ta ɗora a kan aljihun rigarta, ta taɓa maɓallin ta ji yana rufe. Sannan ta tambayi baƙuwar lafiyar yaranta.